Filin Masu Garka: Tambayoyinku a kan Itacen Pesh

A ƴan makonnin nan saƙonni da dama da suka iso wannan fili sun haɗu a kan itace guda, wato pesh, ɗan itacen nan mai laushin gashi a fata da ƙwallo mai zane-zane a ciki, wanda akan gani jefi-jefi a manyan kantunan Yamai an shigo da shi daga waje an jera cikin kwali. Hausa ba ta raɗa masa suna ba domin ba a ƙasarmu ya tashi ba, saboda haka zan kira shi da sunan da muka aro daga Faransanci, kamar yadda masu sayar da shi suke yi. Na zaɓi tambayoyi shida na taƙaita su, kuma na fi daɗewa a kan waɗanda amsarsu za ta hana mutum asarar kuɗi da shekaru.

Tambaya: Na yi shekara uku ina aiki a Aljeriya, a can na fara cin pesh har na saba da shi. Da zan dawo gida na ƙullo ƙwallaye ashirin na shuka a garkata da ke fadama kusa da Tawa, biyu suka fito. Yau shekara biyar ke nan ina ba su ruwa ina zuba musu taki, sun wuce tsayina, amma ko ɗa guda ban gani ba. Wani ya ce mini duka biyun maza ne, sai na nemo mace. Mece ce gaskiyar lamarin? Daga wani mai garka, Tawa.

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya sa albarka a garkar. Da farko ka ajiye maganar namiji da mace. Wanda ya faɗa maka haka ya auna pesh ne da dabino ko gwanda, inda lalle akwai namiji akwai mace, alhali kowane furen pesh yana ɗauke da ɓangarorin biyu tare, kuma mafi yawan ire-irensa itace guda tilo yana iya yin ƴaƴa ko da babu wani a kusa da shi. Ba ka gaza wajen ruwa ko taki ba, tun da itatuwan sun rayu har sun yi tsayi. Abin da suka rasa sanyi ne, shi kuwa ba a ɗebo shi a rijiya.

Asalin pesh ƙasar Sin ne, inda aka yi dubban shekaru ana noma shi kafin ayarin fatake su kai shi Farisa, daga can ya shiga Turai, shi ya sa masana suka sa masa suna Prunus persica bisa zaton ɗan Farisa ne. Har yau Sin ce take noma fiye da rabin pesh ɗin duniya, sai ƙasashe irin su Sifaniya da Italiya da Turkiyya da Girka, a nahiyarmu kuwa Masar da Aljeriya da Tunisiya da Maroko da Afirka ta Kudu. Abin da ya haɗa waɗannan wurare shi ne kowannensu yana da watannin sanyi na gaske. Idan sanyin ya ƙarato itacen yakan kaɗe ganyensa ƙaf, idanun tohon da ke jikin rassa su shiga barci, kuma ba za su farka ba sai sun sha wani adadi na awowin sanyi. Hikimar da ke cikin wannan halitta ita ce kada rana guda mai ɗumi a tsakiyar sanyi ta yaudari itacen ya yi fure, sannan ƙanƙara ta dawo ta ƙone shi. Masana suna ƙirga awowin da ma'aunin zafi ya tsaya tsakanin digiri 0 da 7, kuma yawancin ire-iren da ake nomawa a Turai da Amurka suna bukatar awa 600 zuwa 1,000 a kowace shekara. Elberta, wanda tsohon iri ne sananne, yana bukatar wajen awa 850, Redhaven kuma wajen 950.

To, mu dubi namu ɗarin. A watan Janairu, lokacin da muke kwana da bargo muna hura wuta da asuba, sanyin dare a Tawa da Yamai yakan tsaya ne a matsakaici tsakanin digiri 15 da 17, da rana kuma zafi ya kai 30 ko ya haura. Wannan zafin na rana yana goge ɗan abin da idon toho ya tara da dare. Ga jikin ɗan Adam ɗari ne mai fasa leɓe da ƙafa, amma a lissafin pesh kusan ba a fara ƙirga ba. Mangwaro ne yake ruɗin mu a nan, domin mun saba ganin yana huda da hunturu, sai mu ɗauka kowane itace mai son sanyi namu ya ishe shi, alhali mangwaro ɗan ƙasar zafi ne, sassaucin dare kaɗan yake nema.

Na taɓa tsayawa gaban irin itacenka a wata garka a bakin kogi, ta ɓangaren Harobanda a Yamai, cikin watan Fabrairu. Tsofaffin ganyayen bara suna nan maƙale, sun yi rawaya-rawaya sun ƙi faɗuwa. Rassan dogaye ne sirara, tsirara tun daga tushe, sai ɗan tuntun sabon ganye a can ƙarshen kowannensu. Na kankare ido guda da farce, na tarar da cikinsa kore shar, da ransa, amma a rufe gam. Mai garkar ya shiga bukka ya fito da gwangwanin tumatir, ya zazzage mini ƴan ƴaƴa huɗu a tafin hannu, busassu, ba su kai aduwa girma ba, ya ce abin da itacen ya taɓa ba shi ke nan cikin shekara bakwai. Idan haka naka suke, to ciwonsu ɗaya.

Akwai kuma matsala ta biyu. Ƙwallon pesh ba ya maimaita uwarsa daidai, kamar yadda ƙwallon mangwaro mai aure ba ya ba ka irin wanda ka sha. Pesh ɗin da ka ci a Aljeriya mai yiwuwa daga gonakin arewacin ƙasar ya fito, inda sanyi yake sauka sosai, ƴaƴansa kuma sun gaji wannan bukatar.

Ban ce ka sare su ba. Itacen da ya jure ƙasarka da ruwanka shekara biyar ya cancanci a gwada shi a matsayin gindi, a aura masa reshen irin da ba ya bukatar sanyi da yawa, waɗanda zan ambata a amsa ta gaba. Sannan akwai dabarar da manoman tuffa na Batu, a tsibirin Java na Indonesiya, suka daɗe suna yi: sukan tsige ganyen itacen da hannu bayan an cire ƴaƴa, domin idanun su tsiro kafin su nutse cikin barci. Kana iya gwada makamanciyarta, ka rage ruwa cikin Nuwamba, ka tsige ganye ka datse rassa a farkon Disamba, ka dawo da ruwa da taki wajen ƙarshen watan. Gwaji ne, kuma Batu gari ne na kan tudu mai sanyi fiye da Adar, yankinku na Tawa. Idan wani ya kawo maka sinadarin da ake fesawa don tayar da toho, wanda ake kira haidirojin sayanamaid, ka ƙi shi, domin guba ne mai ƙona fata da ido, Tarayyar Turai ma ta janye izininsa tun 2008.

Tambaya: Wani mai sayar da dashe a bakin titi ya nuna mini ƴan itatuwa a leda ya ce pesh ne, amma da na tambaye shi wane iri, sai ya ce shi dai pesh ya sani. Ƙanena yana karatu a Alƙahira, ya ce idan na faɗa masa sunan irin da nake so zai nemo mini. Wanne zan zaɓa, mai farar tsoka ko mai rawaya? Daga wata uwargida, unguwar Yantala, Yamai.

Amsa: Hajiya, kin yi daidai da kika tambayi sunan iri, kuma kin yi daidai da ba ki saya ba. Dashen pesh marar suna cinikin biri a sama ne, domin ganyen mai bukatar awa 100 da na mai bukatar awa 900 kamarsu ɗaya, sai bayan shekara uku ko huɗu na ban ruwa gaskiya take fitowa. Maganar launin tsoka kuwa ki bar ta zuwa ƙarshe. Tambayar farko ga duk wanda yake zaune a ƙasar zafi ita ce, awa nawa na sanyi wannan iri yake bukata?

Ire-iren da suka fi kusa da yanayinmu yawancinsu daga wuri guda suka fito. A 1952 Jami'ar Fulorida a Amurka ta fara aikin samar da pesh na ƙasashe masu ɗumi a hannun Ralph Sharpe, daga baya Wayne Sherman ya ci gaba da shi shekaru masu yawa. Sun yi ta haɗa ire-ire masu manyan ƴaƴa da waɗansu da asalinsu daga kudancin Sin ne, masu ƙananan ƴaƴa amma masu farkawa da sanyi kaɗan. Daga wannan aiki aka sami Flordaprince, wanda aka fitar a 1982, mai rawayar tsoka, mai bukatar wajen awa 150. Shi ne wanda Misirawa suke kira Florida Prince, suna noma shi da yawa, kuma tun cikin Afrilu yake shiga kasuwanninsu. Akwai TropicBeauty, shi ma awa 150, da UFSun mai awa 100. A cikin masu farar tsoka akwai Flordaglo mai awa 150 da TropicSnow mai wajen 200.

Sai dai ina so ki riƙe wannan da kyau, Hajiya, kada ƙananan lambobin su sa ki saki jiki. A Alƙahira matsakaicin zafin watan Janairu, idan an haɗa dare da rana, wajen digiri 14 ne, a Yamai kuwa wajen 24. Tazarar digiri goma ce tsakanin garin da Florida Prince yake jin daɗi da namu garin. Bayan haka, ɗumin dare a lokacin fure yana sa fure ya zube bai ƙulla ba, ko da itacen ya farka. Saboda haka duk wanda ya dasa pesh a Yamai gwaji yake yi, kuma gwaji da itace biyu ko uku ake yin sa, a tsakar gida inda ido zai kasance a kansu. Da ni ne zan ce ƙanenki ya nemo Florida Prince, domin shi ne mafi sauƙin samu a can, kuma daga fure zuwa nuna kwana tamanin ne ko kusa da haka, wanda ke nufin idan ya yi fure a farkon Janairu za a iya cire ƴaƴan kafin zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni yake haura 40. Idan ya sami UFSun ya haɗa da shi.

Yanzu ga maganar tsoka. Mai fara tsaminsa kaɗan ne, zaƙinsa ya fi fitowa, amma ba ya son taɓawa, da yatsa ya danna shi sai tabo ya fito. Mai rawaya yana da ɗan tsami-tsami mai daɗi. Akwai kuma bambancin da ya fi wannan muhimmanci a wurinmu, wato tsakanin mai tsoka mai narkewa a baki, wanda yake lugwigwitawa cikin kwana biyu ko uku idan ya nuna, da mai tsoka mai ƙarfi irin UFSun, wanda yake jure zafi da ɗauka. Waɗansu ire-iren ƙwallonsu yana rabuwa da tsoka da an tsaga, waɗansu kuma yana manne, kuma masu saurin nuna galibi masu mannewa ne. Wannan ba aibu ba ne ga wanda zai ci a gida.

Abu na gaba da mutane suke mantawa shi ne gindin da aka aura reshen a kai. Ƙasarmu mai yashi tana ɗauke da ƴan tsutsotsin nan da ido ba ya gani, masu sa saiwar tumatir da kuɓewa ta yi ƙulli-ƙulli, kuma suna cin saiwar pesh fiye da kima. Gindin Nemaguard yana jure su, amma shi kansa mai son sanyi ne. Okinawa da Flordaguard suna jure su kuma sanyi kaɗan suke bukata. Flordaguard jan ganye gare shi, wanda yake taimaka wa mai garka: duk tohon da ya fito ja daga ƙasan wurin aure na gindi ne, sai a cire shi tun yana ƙarami kafin ya ƙwace ƙarfin itacen.

Ki gaya wa ƙanenki ya saya a wurin masu renon dashe da aka sani, da takardar suna a ɗaure jikin kowane itace, cikin Disamba ko Janairu lokacin da itacen yake barci, ba tare da ƙasa a saiwar ba, kuma da takardar shaidar lafiyar tsirrai. Ke kuma ki tuntuɓi hukumar kare tsirrai ta ma'aikatar noma tun kafin ya taso. Ina nanata wannan ne domin a Masar akwai wani ƙudan ƴaƴan itace da ake dangantawa da pesh, kuma masu mangwaro ba su manta da ɗan'uwansa ba, wanda aka fara gani a Kenya a 2003, cikin ƴan shekaru ya bazu har yammacin Afirka, yana sa tsutsa a mangwaronmu har yau. Kada ya saka ɗanyun ƴaƴa a jaka da sunan tsaraba.

Tambaya: Shin nektarin da ake sayarwa kusa da pesh aure ne tsakanin pesh da wani itace dabam? Daga wani ɗalibin aikin gona, Yamai.

Amsa: A'a, ɗana, nektarin pesh ne marar gashi. Itace ɗaya ne, jinsi ɗaya, bambancin ƙwayar gado guda ce tak wadda take hana gashin fitowa a fata, har akan sami reshe a jikin itacen pesh ya yi nektarin. Duk abin da na faɗa a kan awowin sanyi ya hau kansa. Fatarsa mai santsi ta fi saurin tsagewa da jin ciwon ƙwari, saboda haka wanda yake gwaji ya fara da mai gashi.

Tambaya: Ni ɗan Abzin ne, ina aiki a Yamai. Mahaifina yana da garka a cikin tsaunuka, yana da lemu da rumman da inabi, kuma da sanyi akan wayi gari ruwan da ya kwana a kwano ya daskare. Ina so in kai masa dashen pesh. Yaya za mu kula da shi? Daga wani matashi, Yamai.

Amsa: Ɗana, taka tambayar ce ta fi faranta mini rai, domin idan akwai wurin da pesh ya dace da shi a Nijar, to tsaunukan Abzin ne. Zafin iska yana raguwa da wajen digiri 6 a kowace mita 1,000 da aka hau. Yamai tana wajen mita 200 daga matakin teku, ƙololuwar dutsen Bagzan da ke Abzin kuwa mita 2,022 ce, ga shi kuma yankin ya fi mu nisa zuwa arewa. Ruwan da ka ce yana daskarewa a kwano shaida ce da ba ta bukatar ƙari.

Amma ku matsalarku ta juya. Idan kuka dasa mai awa 100 a wuri mai sanyi haka, zai cika lissafinsa da wuri, ya yi fure a tsakiyar sanyi, kuma furen pesh da ya buɗe yana mutuwa idan ma'auni ya sauka digiri 2 ko 3 ƙasa da sifili. Shawarata ita ce kafin ka sayi komai ka kai wa Baba ma'aunin zafi mai riƙe mafi ƙanƙantar lambar dare, a rataye shi a inuwa cikin garkar, wani yaro mai makaranta ya riƙa rubuta lambar a littafi kowace safiya daga Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu. Da wannan littafin za ka je wurin masana, a zaɓar muku irin da ya yi daidai da garkarku, tun da garkar da ke cikin kwari da wadda ke gefen dutse ba sanyinsu ɗaya ba. Iska mai sanyi nauyi gare ta, gangarowa take yi da dare ta taru a ƙasa kamar ruwa, don haka gefen gangare ya fi tsakiyar kwari aminci ga fure.

Wajen dasawa, a haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 60, a gauraya ƙasar sama da takin gargajiya da ya ruɓe sosai, a bar mita 4 zuwa 5 tsakanin itace da itace, kuma wurin auren ya kasance sama da ƙasa. Pesh ba ya yarda saiwarsa ta kwana cikin ruwa, ƴan kwanaki kaɗan na kwanciyar ruwa suna iya kashe shi, saboda haka kada a sa shi a ƙarshen magudana inda ruwa yake taruwa. Kada kuma a dasa shi inda aka saba yin tumatir, saboda tsutsotsin saiwar da na ambata a baya. Idan sabon ganye ya fito rawaya jijiyoyinsa suna kore, alama ce ƙasar ko ruwan akwai kanwa, itacen ya kasa jawo sinadarin ƙarfe, sai a ƙara takin gargajiya a daina zuba toka a gindinsa.

Aski shi ne inda masu lemu da mangwaro suke jin nauyin hannu, domin ba su saba ba. Pesh yana yin ƴaƴa ne a kan reshen da ya fito bara kaɗai, reshen da ya yi ƴaƴa sau ɗaya ya gama aikinsa a wannan wurin. Itacen da ba a datsewa ƴaƴansa suna ta gudu zuwa sama da bakin rassa, cikinsa ya zama itacen wuta. Ranar dasawa a yanke kan dashen a tsayin gwiwa ko ɗan sama da haka, daga baya a zaɓi rassa uku ko huɗu masu kallon kusurwoyi dabam-dabam a bar su, a cire na tsakiya, itacen ya tashi a buɗe kamar ƙwarya. Kowace shekara, lokacin barcinsa, a rage wajen rabin sababbin rassan. Ranarmu tana da ƙarfi, saboda haka a bar ƴan ƙananan rassa a ciki su yi wa manyan inuwa, a kuma shafa wa gangar jikin farar ƙasa.

Idan Allah ya kawo ƴaƴa, galibi a shekara ta biyu ko ta uku, akwai aiki guda mai ciwo wanda dole a yi. Itacen yakan ƙulla fiye da abin da zai iya ciyarwa. Lokacin da ƴaƴan suka kai girman ƙwan tantabara sai a bi rassa ana tsinkewa, a bar taƙi guda tsakanin ɗa da ɗa, wato santimita 15 zuwa 20. Na san Baba zai ce ɓarna ce, amma wanda ya ƙi yin haka zai sami ƴan ƙanana marasa zaƙi, wani lokaci ma reshe ya karye. Waɗanda aka bari ana iya sa musu jakar takarda don tsare su daga ƙuda da tsuntsaye, waɗanda suka faɗo ƙasa kuma a tsince su kullum a binne da zurfi. Wajen cirewa kada a bi jan kumatun, a dubi launin da ke ƙarƙashi kusa da hanci: idan kore ya gushe ya koma rawaya, ya yi. Pesh yana laushi bayan an cire shi, amma zaƙinsa ba ya ƙaruwa. Ku kuma sani ba itacen gado ba ne irin dabino, shekara 15 zuwa 20 yakan yi.

Tambaya: Akuyata ta ci ganyen pesh da aka datse aka zubar a gidan maƙwabta, ta kwana tana haki amma ta tashi. Ganyen ne ya jawo? Daga wata mai kiwo, Tawa.

Amsa: Baiwar Allah, barka da arziki, domin mai yiwuwa ne ƙwarai ganyen ne. Ganyen pesh, musamman wanda ya fara yaushi bayan an yanke, yana sakin guba irin wadda makiyaya suka sani a gyauron dawa da rogo mai ɗaci, kuma tana hana jiki amfani da iskar da dabba take shaƙa, shi ya sa kika ga haki. Ki roƙi maƙwabtan su riƙa ƙone rassan ko su binne. Ƙwayar da ke cikin ƙwallon ma tana da wannan gubar, ga shi ta yi kama da abin ci, don haka a hana yara fasawa suna tauna. Tsokar ɗan itacen ita kam lafiya lau ce. Idan hakan ya sake faruwa a nemi likitan dabbobi nan take, kada a jira wayewar gari.

Tambaya: Na yi ritaya, ina da kadada ɗaya da rijiya a wajen Kollo. Ganin tsadar pesh a kantuna, ina tunanin zuba kuɗin sallamata in cika filin da shi. Me kake gani? Daga wani dattijo, Yamai.

Amsa: Alhaji, da girmamawa nake roƙonka kada ka yi. Tsadar da ka gani kuɗin jirgi ne da na ɗakin sanyi, kuma dalilin da ya sa ake biyan su shi ne ƙasarmu ta kwari ba ta yin sa. A tazarar mita 5, kadada ɗaya itace 400 take ci, kowannensu da kuɗin saye da na shigowa, da ban ruwan shekara uku kafin ka san ko za su yi fure, a wurin da sanyinsa bai kai na mafi sauƙin iri ba. Kuɗin sallama sau ɗaya ake karɓarsa, da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Idan burinka ɗan itace mai daraja ne wanda kasuwar Yamai take so, ka dubi magarya mai aure, wadda ake kira tuffar Sahel. Ire-ire ne na ƙasar Indiya, irin su Gola da Seb da Umran da Kaithli, da ake aurawa a kan magaryarmu ta daji. Cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa, ICRISAT, da ke Sadore, kudu da Yamai, ta yi aiki sosai wajen yaɗa ta, musamman zamanin Farfesa Dov Pasternak. Gindin namu ne, ya san farinmu da yashinmu da zafin bazararmu, ƴaƴan kuwa sun ninka na daji girma sau da yawa, ana cin su ɗanye da ɗan ƙaras-ƙaras kamar tuffa, kuma suna da sinadarin bitamin C mai yawa. Ba ta daɗewa bayan aure take fara ƴaƴa, suna nuna cikin watannin sanyi, sannan a datse ta sosai da bazara ta sake sababbin rassa. Ita ma ƙudan ƴaƴan itace da tsuntsaye suna damun ta, tana bukatar tsaro da tsince abin da ya faɗi. Idan akwai magarya da ta fito da kanta a filinka, kada ma'aikata su sare ta, domin ana iya yanke ta a aura mata a inda take, ta riga ta kafa saiwa mai zurfi.

Sauran filin ka raba shi tsakanin mangwaro mai aure da lemu da gwaiba da rumman, ka kewaye shi da shinge mai tare iska. Ka je da kanka wurin jami'an INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa, ko ɗakin manoma na yankinku a auna maka ƙasa da ruwan rijiyar kafin ka sayi dashe ko ɗaya, zuwa da kai ya fi saƙo. Tun da kuma zuciyarka tana kan pesh, ka ware kusurwa guda ta gabas da bukkar mai gadi, inda inuwa take sauka da la'asar, ka sa guda biyu masu suna. Ka riƙa rubuta ranar da ka tsige ganye, da ranar da fure ya buɗe, da yawan ƴaƴan da suka ƙulla, ka aiko mini bayan hunturu biyu in buga a wannan fili, domin mai garkar Tawa da Hajiyar Yantala su kwatanta da nasu.